Kun Tambaya: Abinci Mai Kunna Kumburi da Sankarar Huhu

Saƙonnin da suka shigo mana a wannan karon sun fi karkata kan magana guda, wato abin da ake yaɗawa cewa wasu nau'o'in abinci suna kunna kumburi a jiki har su kai mutum ga sankarar huhu. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita tambayoyin, kuma kamar kullum ba mu sa sunan kowa ba.

Assalamu alaikum. Ni a sanina kumburi shi ne ƙafa ko dasashi ya tashi. Kuma abinci ciki yake tafiya, to me ya haɗa shi da huhu? (Wani malamin makaranta, Zariya)

Wa alaikumus salam, Malam. Kumburin da ka sani shi ne na fili. Ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, yana zogi. Garkuwar jiki ce ta turo fararen ƙwayoyin jini su kashe abin da ya shigo, su kwashe naman da ya lalace. Kwana uku ko huɗu an gama, kowa ya watse.

Wanda ake magana a kai ba ya tashi, ba ya zogi. Garwashi ne da toka ta lulluɓe, shekara da shekaru yana ci a hankali. A jini ake gano shi, ta hanyar auna wasu sinadarai irin su CRP, wanda hanta ke fitarwa, da IL-6. Ɓarnarsa kuwa ga yadda take. Fararen ƙwayoyin jini da sinadarai masu ƙuna suke yaƙi, kuma waɗannan sinadaran ba su san na gida ba, har kundin gadon da ke cikin ƙwayoyin naman da ke kusa, wato DNA, suna taɓawa. Sannan jiki na ta ba da umarni a cike gurbin da ya lalace, ƙwayoyin su yi ta rabuwa, kuma kowace rabuwa sai an kwafe kundin nan tun daga farko. Duk wanda ya kwafi littafi da hannu sau dubu, wata rana sai ya tsallake layi. In kuskuren ya faɗa a layin da ke tsawatar wa ƙwaya ta daina rabuwa, sankara ta samu ƙofa. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini jibge a cikin ƙarin sankara. Misalan ma a gabanmu suke: ciwon hanta nau'in B da ya daɗe yana kai wa ga sankarar hanta, tsargiya kuma ga ta mafitsara.

Abinci yana shiga wannan lissafin ta 'yan hanyoyi. Sukari da fulawa da farar shinkafa in sun yi yawa suna tara kitse a tumbi, shi kuwa kitsen tumbi ba ajiya ba ce kawai, da kansa yake zuba IL-6 cikin jini. Sai harza, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, irin na dusa da ɓawon wake da ganye. Ita ce abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji. Su ci ta, su fitar da wani sinadari da ke ƙarfafa bangon hanjin. In suka rasa ta bangon ya yi sako-sako, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta su riƙa tsallakawa cikin jini, garkuwar jiki ta kasa runtsawa. Ta nan huhu ya shigo: duk jinin da zuciya ta harba, kusan lita 5 a minti ɗaya in mutum na hutawa, sai ya ratsa huhu kafin ya zaga jiki. Abin da ke yawo a jini ba ya tsallake shi.

Masana a Jami'ar Karolina ta Kudu da ke Amurka sun tsara wani ma'auni na yadda abinci ke kunna kumburi, da ake kira DII, suka fitar da shi a 2014 bayan sun tace takardun bincike 1,943. Abubuwa 45 yake ba maki. Kitse mai daskarewa da yawan ci fiye da buƙata suna ɗaga makin. Harza, citta, tafarnuwa, albasa, kurkum, ganyen shayi da man kifi suna sauke shi. Da aka bi dubban mutane a birnin Melbon na Ostireliya shekaru masu yawa, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna cewa a cikin masu shan taba, masu maki mai yawa sun fi kamuwa da sankarar huhu. Wani binciken da aka buga a 2025, kan Amurkawa sama da 100,000, ya sami ƙarin haɗari na kashi 41 cikin 100 ga waɗanda suka fi cin abincin kamfani na leda da gwangwani da kwalba.

Sai dai a riƙa sara ana duban bakin gatari. Masu shan taba, a jimlace, sun fi sauran mutane sakaci da abinci, saboda haka wani kaso na laifin da ake ɗora wa kwano na taba ne da lissafi bai gama cirewa ba. Shi ya sa Asusun Binciken Sankara na Duniya, da ya tattara hujjojin, ya ajiye nama da ganye da 'ya'yan itace a sahun hujja mai rauni game da huhu. Ka kuma gwada girman abin: abinci mafi muni bai ninka haɗarin sau biyu ba, taba kuwa tana ninka shi sau 15 zuwa 30.

Abin da ya tabbata shi ne abinci na motsa kumburi, kuma da sauri. A yankin Kilimanjaro na Tanzaniya an gwada maza 77, aka buga sakamakon a 2025. Waɗanda suka saba da abincin gargajiya na hatsi da wake da ganye da ayabar dafawa aka ɗora su kan abincin Turawa na mako biyu kacal, sinadaran kumburi suka hau a jininsu. Waɗanda aka mayar kan na gargajiya kuwa nasu ya sauka.

Shekarata 45, direban babbar mota ne ni, ina shan kwali ɗaya a rana shekara 22. Ina shan madara bayan taba, ina cin karas, yanzu kuma wani mai kemis ya ba ni ƙwayar bitamin ya ce tana wanke huhu. Hakan ya wadatar? (Daga Kano)

Alhaji, ba za mu ɓoye maka ba, bai wadatar ba, kuma ƙwayar nan ka juya bayan kwalbar ka karanta tun yau. In ka ga bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, a ciki da yawa, ka ajiye ta.

Dalilin yana da tarihi. An daɗe ana lura cewa masu cin karas da ganye sun fi tsira daga sankarar huhu, sai aka ɗauka sinadarin da ke ba karas launinsa ne sirrin. Aka gwada a ƙasar Finlan kan maza 29,133 masu shan taba, wasu aka riƙa ba su miligiram 20 na bita-karotin kullum. Da sakamakon ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. A Amurka aka yi irinsa kan mutum 18,314, masu shan taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, wani ma'adini da ake sa wa a kayan gini, ana ba su miligiram 30 haɗe da bitamin A. Dole aka tsayar da gwajin a farkon 1996, kafin wa'adinsa, domin sankarar ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa sinadarin in ya taru da yawa a huhun da hayaƙi ke ƙonawa kullum, sai ya farfashe ya koma mai ɓarna. Karas ɗin kansa ba shi da wannan matsalar, ka ci abinka.

Madara kuwa maƙoshi take bi ta sauka ciki, hayaƙi ta bututun iska ya bi ya shiga huhu. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa sankara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu daga taba take.

Rage kara ba ya kai dainawa, domin yawan shekarun da aka yi ana sha ya fi yawan karan da ake sha a rana tasiri. Amma ga abin ƙarfafa gwiwa: wanda ya daina, bayan kamar shekara 10 haɗarin mutuwarsa da wannan cuta yana sauka zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Ka sa rana cikin mako biyu masu zuwa, ka faɗa wa iyali da yaron motarka. Daren ranar ka fitar da kwali da ashana da laita daga mota, ka wanke kujeru, domin warin kansa tarko ne. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Daga mako biyu zuwa huɗu abin yana lafawa. Ƙaiƙayin son taba in ya taso mintuna kaɗan yake yi ya wuce, ka tare shi da ruwa ko asuwaki ko 'yar gyaɗa. Akwai cingam da filastar nikotin, akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa, kuma suna ƙara yiwuwar nasara sosai. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne "kara ɗaya kawai" a tasha cikin abokai, da kuma maye gurbin taba da alewa da lemon kwalba har tumbi ya fito. Mai azumi ya riga ya san zai iya awa 13 ko 14 babu ita, don haka watan Ramadan ranar farawa ce mai kyau. Kar kuma a koma shisha da sunan sauƙi; ruwan tulun sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi, ga hayaƙin gawayin da ke kai ƙari.

Mahaifiyarmu ba ta taɓa shan taba ba, amma likitoci sun ce sankarar huhu ce. Ko abincin da muke ba ta ne? (Wata 'yar'uwa, Maraɗi)

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ki sauke wannan nauyin daga zuciyarki, 'yar'uwa, babu wani kwanon abinci da za a nuna a ce shi ne. In ma akwai abin tuhuma a madafi, hayaƙin girkin ya riga abin da ke cikin tukunya.

A gundumar Shuwanwei ta lardin Yunnan a ƙasar Sin, mata ba sa shan taba, amma suna cikin waɗanda suka fi kamuwa da sankarar huhu a ƙasar. Da kwal mai hayaƙi suke girki a tsakar ɗaki, babu mafita. Gidajen da suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi, haɗarinsu ya sauka da kusan kashi 40 cikin 100. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sankara, hayaƙin itace da tiririn suya mai tsananin zafi kuma a sahu na biye, na waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Hukumar ta ƙiyasta kusan kashi 11 cikin 100 na mace-macen sankarar huhu a manya daga hayaƙin girki ne. Zama da miji mai shan taba shi ma yana ƙara haɗarin da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

A nan ma kumburi ne ɗan aike. Masu bincike a cibiyar Francis Crick da ke Landan sun nuna a 2023 cewa huhun mutane da yawa masu lafiya yana ɗauke da 'yan ƙwayoyi masu kuskure a kundinsu, suna kwance ba sa komai. Ƙurar hayaƙi mai laushi in ta shiga, garkuwar jiki ta saki sinadarin kumburi, shi ne ke tashin su daga barci.

Don ku da kuka rage a madafin: a yi girki a fili ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, in ɗaki ne a buɗe ƙofa da taga masu fuskantar juna, a bar kafa a sama kusa da rufi tunda hayaƙi sama yake taruwa. Ɗanyen itace da jiƙaƙƙe sun fi hayaƙi, a shanya shi tukuna. A daina hura wuta da leda ko tsohon silifas. Murhu mai rage cin itace ya fi duwatsu uku, gas kuma ya fi su duka in da hali. Kar a goya yaro a tsaya kan wuta. Sai al'adar nan ta ɗora manja a wuta har ya yi fari, hayaƙi ya turnuƙe kicin kowa na tari yana hawaye: asara biyu ce, an ƙone amfanin da ke cikin jan launin, an kuma shaƙi abin da ya ƙone. Mai in ya fara hayaƙi ya wuce zafin suya. Masu ƙosai da awara su tsaya ta inda iska ke fitowa, su tace mai bayan kowace suya domin ɓurɓushin da ya ƙone shi ke saurin lalata shi, su zubar da shi in ya yi baƙi, ya yi danƙo, ko yana kumfa.

Ki kuma tambayi likitocin ko za a iya gwada naman da aka ɗiba don neman wani canji a kundin gadon ƙwayoyin sankarar, a wurin da ake kira EGFR. An fi samun sa a matan da ba su sha taba ba, kuma yana da magani na ƙwaya da ake haɗiya.

To mu masu son tsire da kilishi fa? Mu haƙura ke nan? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

A'a, ɗan'uwa, sai dai a san iyaka. A 2015 cibiyar nan ta Liyon ta sa naman da aka sarrafa, irin wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari, a sahun farko, jan nama kuma, wato irin na shanu da rago da akuya, a sahu na biyu. Hujjar a kan sankarar babban hanji take da ƙarfi: giram 50 na sarrafaffen nama kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. A kan huhu alama ce kawai. Sosej da naman gwangwani su ne kan gaba, busasshen nama dangin kilishi shi ma yana cikin misalan da aka bayar. Ma'aunin da ake ba da shawara shi ne kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, kamar ci uku ke nan, kowanne bai fi tafin hannu da kaɗan ba.

Matsalar gashi kitse ne. Ya narke ya ɗiga kan garwashi, wuta ta tashi, hayaƙin ya dawo ya manne a jikin naman, kuma a cikinsa akwai sinadarin benzofayirin, wanda ke cikin hayaƙin taba. A rage kitse kafin a gasa, a bari harshen wuta ya mutu sai jan garwashi, a nisanta naman kaɗan, a yawaita juyawa, a yanke inda ya ƙone ya yi baƙi. Albasa da tumatir da kabejin da mai tsire ke zubawa a gefe a cinye su, har a nemi ƙari. Ganda da kai da ƙafa da aka babbake da tayar mota kuwa a bar su gaba ɗaya. In ana maganar huhu, wanda muka fi ji wa tsoro shi ne mai tsiren kansa, da ke tsaye kan tukuba tun la'asar har tsakar dare.

Mu tara ne a gida, albashi ɗaya. Abincin da ake nunawa a waya, su man zaitun da 'ya'yan itacen Turai, ba mu da kuɗinsu. Me zan dafa? (Wata uwargida, Gusau)

Hajiya, abin da ake nema yana kasuwar ƙofar gidanki, kuma yawanci shi ne mai araha.

Ki fara da hatsi. Babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana, kuma yawancinta a dusa take, wadda muke surfewa mu ba awaki. Ki rage surfen gero da dawa, ko ki haɗa rabin surfaffe da rabin wanda ba a surfa ba har bakin yara ya saba. Amma ki tsince tukuna, musamman masara da gyaɗa: duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin gubar da ke ciki hanta take ci, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Wake shi ne babban jari, kofi ɗaya na dafaffe yana ba da kusan giram 11. In za ki yi shinkafa da wake, waken ya kai rabi, kada ya zama ado. Ki ƙara shi a hankali cikin mako biyu ko uku tare da shan ruwa. Wanda ya tashi daga burodi da indomi ya faɗa kan wake dare ɗaya, cikinsa zai cika da iska ya ce abin bai karɓe shi ba. Jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan yana rage wannan.

Ganye da 'ya'yan itace giram 400 ake so a rana, wato kashi biyar na giram 80. Kashi ɗaya shi ne gwaiba ko lemu matsakaici guda, ko yankan gwanda, ko cokali uku tulli na dafaffen ganye. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafin. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli kwano ɗaya ya kai kashi biyu, faten tsaki da ya sha alayyahu da yakuwa ma haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ganye tun farko ya yi ta tafasa har ya koma ruwan ƙasa, ko a cika masa kanwa, wadda ke lalata bitamin C da wasu na rukunin B. Ki sa shi a ƙarshe, minti biyar ya isa. In lokacin mangwaro ya wuce ga goruba da magarya da kanya da ɗinya, kowanne da lokacinsa.

Wani babban nazari da ya haɗa mutum sama da miliyan 1.4 daga Amurka da Turai da Asiya ya sami raguwar haɗarin sankarar huhu da kashi 17 cikin 100 ga masu cin harza sosai, kashi 19 ga masu shan yogot, kashi 33 ga waɗanda suka haɗa biyun. Alaƙa ce aka gani, ba tabbacin kariya ba, amma da muka karanta shi fura da kindirmo ne suka faɗo mana a rai. Sharaɗi biyu ne: nonon ya zama wanda aka tafasa kafin ya kwana, saboda tarin fuka na shanu da wasu cututtukan da ɗanyen nono ke ɗauka, sannan kada a binne shi da sukari.

Sukari ne inda kuɗin gida ke zurarewa ba a sani ba. Iyakar babba giram 50 ne a rana, kamar ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba na da kusan giram 10 a kowace mililita 100, ke nan robar rabin lita ɗaya ta cinye kason yini. Zoɓo da kunun aya na gida ma in an cika musu hannu duk ɗaya ne. Ki riƙa rage cokali ɗaya duk mako, harshe yana sabawa. Kuɗin da aka tsira da shi a sayi kifi mai maiƙo, sardin ko taitus, sau biyu a mako. Citta da tafarnuwa da daddawa su rage miki yawan dunƙule.

In kina son ma'aunin da ba ya cin ko kwabo, ki yanki zare daidai tsawon mutum, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinsa daidai saman cibiya. In bai haɗu ba, kitsen tumbi ya yi yawa.

Zan iya zuwa a auna min CRP in san matsayina? Kuma in na riƙa shan maganin kumburi ko ƙwayar kurkum kullum, zai kare ni? (Wani ma'aikacin banki, Kaduna)

Gwajin yana nan, amma ba ya nuna sankara. Nau'in gwajin da ke iya gano CRP ko da ɗan kaɗan ne, ana karanta shi haka: ƙasa da miligiram 1 a lita ƙarami ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, ruɓaɓɓen haƙori ko mura kaɗai na iya harba shi sama da 10, saboda haka a ƙasarmu sakamako guda ba ya faɗin komai sai an maimaita bayan mako biyu mutum yana lafiya.

Batun magani kuwa an gwada. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin wata allura mai suna canakinumab, mai toshe sinadarin kumburi guda ɗaya, kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. Ba a zata ba sai aka ga waɗanda suka karɓi mafi yawa sankarar huhu ta ragu a cikinsu da kusan kashi biyu cikin uku. Murna ta koma ciki daga baya: mace-mace daga cututtuka masu yaɗuwa sun ƙaru tunda an danne garkuwar jiki, kuma da aka gwada allurar kan masu sankarar huhu kai tsaye ba ta yi aiki ba. In wannan bai zama rigakafi ba, ibuprofen da diclofenac na kemis ba za su zama ba. Shan su kullum gyambon ciki da zubar jini da ciwon ƙoda yake jawowa. Kurkum a miya ba laifi. Na ƙwaya kuwa, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya fi zuƙa, an sami waɗanda ya taɓa wa hanta.

Yayana ya yi wata uku yana shan maganin tibi, tarin bai tsaya ba, sai ramewa yake. An ce mu hana shi sukari da nama don kada su ciyar da cuta. (Daga Gombe)

Ku koma asibiti a wannan makon, kada ku jira wata shidan shan maganin tibi, wato tarin fuka, su cika, kuma kada ya daina shan maganin da kansa. Mai tarin fuka da maganin ya karɓe shi yakan fara jin sauƙi cikin makonni kaɗan. In hakan bai samu ba, ko dai ƙwayar cutar mai bijire wa magani ce, ko kuma tun farko ba ita ba ce. Sankarar huhu da tarin fuka kamanninsu ɗaya: tari, jini a kaki, rama, ciwon ƙirji, inuwa a hoto. Tabon tsohon tarin fuka ma kansa yana ƙara haɗarin sankara. Ku tambaya ko an tabbatar da cutar da gwajin kaki na GeneXpert, wanda kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, ko kuwa da hoton ƙirji kawai aka yanke hukunci. In gwajin bai nuna komai ba, ku nemi a tura ku asibitin koyarwa a yi hoton CT, in an ga ƙari a ɗebi ɗan nama a duba. Ɗibar naman ba ta watsa cuta kamar yadda ake faɗa, kuma sai da ita ake sanin maganin da ya dace. Dishewar murya da ta wuce mako uku, kumburin fuska da wuya, ko kan yatsu ya yi ƙulu-ƙulu, duk ku faɗa wa likita.

Maganar hana shi abinci ku watsar da ita. Duk abin da muka faɗa a sama na rage nama da sukari don mai lafiya ne da ke neman rigakafi. Wanda ke ramewa ƙarfi yake buƙata: ƙwai, kifi, nama, wake, madara, kunun gyaɗa mai kauri, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana tunda ba zai iya cin da yawa a zama ɗaya ba. Ku riƙa auna nauyinsa duk mako a sikeli guda kuna rubutawa. Ranar komawa asibiti ku tafi da takardar da kuka rubuta nauyin nasa, da katin maganin tibi, da duk tsofaffin hotunan ƙirjinsa, domin likita ya jera su ya ga ko inuwar ta ƙaru.